Fitila da Murhu a Ƙasar Birnin Kudu

Tarihin makamashi a Kiyako da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram ya rabu gida biyu, wato na fitila da na murhu, kuma tafiyarsu ba ta taɓa zama ɗaya ba. Fitila ta sauya sau da yawa, tun daga aci-bal-bal mai cin man gyaɗa, zuwa fitilar ƙwai mai cin kananzir, zuwa tocila, har zuwa faifan sola, wato allon da ke mayar da hasken rana lantarki. Wutar gwamnati kuwa, daga NEPA ta 1972 zuwa KEDCO da ta karɓi rarrabawa a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, ta fi bin manyan garuruwa da bakin titi, kuma tsarin farashi na Afrilun 2024, wanda ya ware wutar awa 20 ga rukunin da ke biya da tsada, bai gyara wannan ba.

Murhu shi ne bai gusa ba. Itace da karan dawa su ne abin girki tun kafin zuwan Turawa, kuma da mulkin mallaka ya killace gandun daji a ƙarƙashin En'e, sai saran itacen da talaka ya gada ya koma abin neman izini, alhali birane na ci gaba da cin itacen karkara. Risho ya shiga wasu gidaje a zamanin arhar kananzir, amma janye tallafinsa a 2016 da tsadar da ta biyo bayan janye tallafin fetur a Mayun 2023 sun mayar da magidanta da dama kan gawayi.

Saboda haka alkawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ba zai aunu da yawan faifan solar da aka kafa kaɗai ba, sai an haɗa da adalci. Adalci a nan yana nufin a san wanda ya amfana, da wanda ya ɗauki nauyi, da wanda aka shawarta, kuma a wannan yanki nauyin yana kan matar da ke shaƙar hayaƙi safe da yamma, da yarinyar da neman itace ke cinye mata lokacin makaranta, da mai gawayin da za a hana sana'arsa ba tare da an tanadar masa wata ba.