Tarihin Wuƙar Aljihu: Wacce Ya Kamata Talakan Komadugu Ya Saya?



Yau tarihin ƙaramin abu za mu taɓo, wato wuƙar nan mai naɗewa da kusan kowane magidanci ke yawo da ita a aljihu. Da ita muke yanke igiya, mu gyara koma, mu fere alƙalamin allo, mu yanka kaza in baƙo ya sauka. Abin da ya tayar da zancen shi ne, kwanakin baya a gabanmu wani ƙanenmu ya sayi wata mai ƙyalli a teburin ɗan koli, araha sosai. Sati bai zagayo ba ƙusar da ke riƙe da ita ta saki, yana cikin yanke igiyar jirgi ta rufe masa a yatsa. Sai da aka kai shi likita, kuɗin magani ya ninka kuɗin wuƙar. Da muka je gaishe shi, wani dattijo ya zaro tasa ya ce, "Ɗana, wannan ta girme ka." Ruwanta ya sirance saboda wasawa, amma wallahi har yanzu tana aske gashin hannu. To mene ne bambancin wuƙaƙen nan biyu? Sai mun koma baya kaɗan.

Kakanninmu wuƙar maƙera suka sani, wadda ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera ruwa, ya sa ƙota, baduku ya ɗinka kube. Wasu a ƙugu suke soke ta, Tubawa da Buzaye kuma a damtse suke ɗaura tasu. Amma kayan ƙarfe na waje ba baƙo ba ne a wannan kwari. Birnin Gazargamu, fadar daular Borno da Mai Ali Gaji ya kafa wajen shekarun 1470, kusa da wannan kogi namu yake, kuma ayarin raƙuma na bin hanyar Kawar da Fezzan har Tarabulus su dawo da haja.

A 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya shiga kasuwar Kano. Ya tarar da ruwan takubba da ake kawowa daga garin Solingen na Jamus, ya kuma ga asake masu baƙar ƙotar icce daga yankin Styria, cikin ƙasar Ostiriya ta yau. A ganinsa asaken ba su da wani inganci, amma mutane na son su, don sun iya wasa su har su yi kaifin gaske. A wannan shekara dai ya taso daga Kukawa, ya ƙetare Komadugu a Yo, ya bi ta Barwa da Ngigmi ya nufi Kanem. Ke nan tun sama da shekara 170 mutanen wannan yanki sun san sirrin ciniki: abu mai araha ya halatta, muddin ƙarfensa na karɓar wasawa.

Zuwan Turawan mulki ya sauya hanyar haja daga hamada zuwa teku. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru a 1930. Manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA na Faransawa, da UAC da John Holt na Ingilishi, suka buɗe kantuna, 'yan koli kuma suka riƙa sarin kaya suna shiga da su kasuwannin ƙauye. A wannan zamani ne wuƙa mai naɗewa ta zama abin aljihun talaka a Afirka. Sunaye uku ne suka fi fice, kuma duka ukun don mai ƙaramin ƙarfi aka ƙera su tun farko.

Ta farko Okapi. A Solingen aka fara yin ta a 1902, musamman don a sayar a ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka. Ƙotarta icce ce, wasu da adon wata da taurari, kuma mafi shahara a cikinsu tana da zobe a baya: in ka buɗe sai ta kulle, ba ta rufuwa sai ka ja zoben. A 1988 aka kwashe aikin aka mai da shi Afirka ta Kudu, can ake yin ta har yau.

Ta biyu Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ya fitar a 1929. Don tsibiran Melanesiya aka yi ta, shi ya sa aka zana hoton wani dodonsu a jiki. Can ba ta samu kasuwa ba, sai a arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka ta yi farin jini. Ƙotarta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninka, siririya ce, ba ta cika aljihu. Da kamfanin ya ga Musulmi ba su son hoton dodo, sai ya fitar da wata mai suna El Baraka, aka zana mata tambarin nan na Agadas. Kun ga ashe akwai hannun Nijar a tarihin wannan wuƙa. A lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, hukumomin Faransa sun ɗauke ta a matsayin makami sun hana shigar da ita can.

Ta uku Opinel. Joseph Opinel, ɗan gidan maƙera a yankin Savoie na Faransa, shi ya fara ta a 1890 don manoma da makiyaya. A 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12. Tambarinta hannu ne da kambi a sama. A 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa a wuya don kada ta rufe wa mai aiki. Lamba 8, mai ruwa santimita 8 da rabi, ita ce aka fi saye.

Me ya sa wannan tarihi ya shafe mu yau? Duk mun san abin da ya same mu. A watan Fabrairu na 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai, abin da muke ci ke nan. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. A 2016 hare-haren Yebi da Bosso suka watsa mu, da yawanmu ba mu fita da komai ba sai rigar jikinmu da abin da ke aljihu. Daga 2021, da aka fara mai da mutanen Barwa gida, kowa ɗaya bayan ɗaya yake sake haɗa kayan aiki: fartanya, lauje, koma, wuƙa. Wanda ke cikin wannan hali ba shi da kuɗin sayen abu sau uku. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

To ga abin da muka koya daga dattawa da kuma wannan tarihi.

Fara duba ƙarfe. Na dā duk baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa in an bar shi da laima, amma goga biyu a dutse ya dawo da kaifi. Wanda aka rubuta wa Inox ba ya saurin tsatsa, sai dai mai araha a cikinsa ƙyalli ne kawai, ka wuni kana wasawa kaifin bai zauna ba. Manomin tattasai da makiyayi baƙin ƙarfe ya fi musu. Abin da yake so kawai a goge shi ya bushe, a ɗan shafa masa man gyaɗa.

Sai ƙota. Ta icce ta fi daɗin riƙo, amma in ta sha ruwa tana kumbura ta riƙe ruwan wuƙar ya ƙi fita, kuma masu Opinel sun san haka. Masunci da ke wuni cikin ruwa gara ya nemi mai ƙotar ƙarfe, ya sa mata igiya ya ɗaura a ƙugu.

Sai makulli, nan ne ƙanenmu ya ji ciwo. Buɗe ta a gaban mai sayarwa, ka girgiza ruwan hagu da dama. In yana rawa, ajiye. Danna bayanta a kan icce ka ga ko za ta rufe da kanta. Wadda ba ta da makulli, irin Douk-Douk, dole ƙarfen bayanta ya zama mai tauri, ka ji ƙarar "ƙas" in ta buɗe.

A kula da jabu. Sunayen nan uku duk ana kwaikwayonsu. Ta asali tambarinta a hatimce yake cikin ƙarfe ko icce, mai tsabta, ba fentin da farce zai kankare ba. In farashin ya yi ƙasa da hankali, to akwai dalili.

Sai girma. Muna cikin yankin da ake bincike a hanya. Ƙaramar da za ta yi aikin gona ta wadatar, babba mai kama da makami kuwa tambayoyi za ta jawo maka a shingen jami'an tsaro. Matasanmu kuma, don Allah, wuƙa kayan aiki ce. Duk wanda ya je fada ko wurin biki da ita don a ji tsoronsa, ya ɓata sunan gidansu.

Kada kuma mu manta da maƙeranmu. Wuƙar aljihu ba ta feɗe giwan ruwa, ba ta yanka ragon layya. Wannan aikin wuƙar maƙera ne, wadda ake ƙerawa da ƙarfen sifirin mota. Sau da yawa ta fi ta kanti sauƙin kuɗi, in ƙota ta tsage ka mai da masa ya gyara, kuma kuɗinka ya tsaya cikin gari. Shawararmu ga magidanci ita ce ya mallaki biyu: ta maƙeri a gida cikin kube, ƙaramar mai naɗewa ta kirki a aljihu.

Wanda ke da tsohuwar wuƙar mahaifinsa ko kakansa, ya duba tambarin da ke jikinta ya faɗa mana sunan, da kasuwar da aka saye ta in ya sani. Muna so mu tattara wannan tarihi tun dattawan da suka san shi suna raye.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a gona da ruwa. Amin.