Hukumar Raya Kwarin Kogin Tennessee (TVA)

Hukumar Raya Kwarin Kogin Tennessee, wadda aka fi sani da TVA, hukuma ce ta gwamnatin tarayyar Amurka da aka kafa ranar 18 ga Mayu 1933, zamanin shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Hedkwatarta tana Knoxville, aikinta kuma ya shafi sassan jihohi bakwai, ciki har da Tennessee da Alabama da Kentucky.

A wancan lokaci talauci ya yi wa mutanen kwarin katutu. Zaizaya ta cinye gonaki, ambaliya tana zuwa a kai a kai, zazzaɓin cizon sauro ya addabi jama'a, gidajen karkara ƙalilan ne ke da lantarki. Sanata George Norris ya daɗe yana hana a sayar wa 'yan kasuwa madatsar Wilson da ke Muscle Shoals, shi ya sa aka raɗa sunansa ga madatsar farko da hukumar ta gina a kogin Clinch, wadda aka kammala a 1936.

Madatsun da aka gina sun rage ambaliya, sun buɗe kogin Tennessee ga jiragen dakon kaya, hukumar kuma ta samar da takin zamani tana koya wa manoma amfani da shi a gonakin gwaji. Sai dai dubban iyalai aka tasa daga gonakin kakanninsu, har kaburbura aka tone aka kwashe kafin ruwa ya rufe wuraren.

Tun 1959 hukumar ke ɗaukar nauyin harkar wutarta da kuɗin da take samu. Yau mafi yawan wutar daga tashoshin nukiliya da gas da kwal take fitowa.