Tauraruwa ko Abin Jayayya: Waiwaye a Kan Matsayin Mace a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da littattafan da ake kira na soyayya suka cika kasuwannin arewacin Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, manazarta adabin Hausa suka saba kasa su gida biyu, wato rubutun maza da rubutun mata. Wannan rabo ya dogara ne kurum ga sunan da ke bangon littafi. Akwai tambayar da ta fi wannan wuya, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba: mene ne ke sa a ce mace ce ginshiƙin labari, kuma wa ke iya rubuta irinsa? Wannan maƙala za ta bi tarihin ƙagaggun labaran Hausa tun daga 1933 domin ta nuna cewa ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a duba shawarar wa ke juya akalar labarin, da kuma asarar wa marubuci ya damu ya lissafa.

2.0 Zainabu da mahaifiyar Shaihu Umar

Littattafai biyar ɗin da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 duk maza ne suka rubuta su, kuma wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna su wa ke da ilimin boko a lokacin. Biyu daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu. A Jiki Magayi na John Tafida da East, auren Zainabu shi ne tushen duk abin da ya faru. Saurayinta Abubakar ya rasa ta ga attajiri Malam Shehu, ya shiga duniya neman hanyar ramuwa, ɗan da ta haifa kuma ya lalace ya zama ɓarawo. Amma da zarar an ɗaura auren, sai labarin ya bi Abubakar cikin daji, ya bar Zainabu a ɗaki. Ita ce abin da ake jayayya a kansa, zafin da aka auna kuwa na mazan biyu ne.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta fi kowa shan wuya ita ce mahaifiyar tauraron. Ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare hamada, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Wannan tafiya kaɗai ta isa littafi guda. Duk da haka, ta bakin ɗanta aka ji ta, a matsayin wani yanki na tarihin da yake ba almajiransa.

Kada a ɗauka cewa mata ba su da murya a adabin wancan zamani. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulfulde da Larabci domin karantar da mata ta hannun 'yan taru, tatsuniya kuwa tun fil azal a bakin mata take. Akwai kuma Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma ya fito da abin da littattafan gasar suka rasa, wato aure da kishi da ƙawance da riƙon 'ya'ya kamar yadda wadda ke ciki take ganinsu. Abin lura shi ne, mijin Mary, M. G. Smith, masanin al'umma ne da ke bincike a ƙasar Zazzau a daidai wannan lokaci, amma matarsa ce ta iya shiga inda Baba za ta saki baki.

3.0 Daga 1980 zuwa shekarun Raina Kama

Sai da aka shafe shekaru fiye da arba'in kafin a sami ƙagaggen labarin Hausa da mace ta wallafa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, bayan gasar da kamfanin NNPC ya shirya. A nan Boɗaɗo, budurwa Bafulatana, ita ta zaɓi Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, ita kuma ta tsaya a kan zaɓinta a gaban danginta. Shawarar da ta haifar da labarin tata ce.

Wadda ta kai wannan tafarki ƙololuwa ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana 'yar shekara 13 ko kusa da haka. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Wani marubucin da sai ya bi Alhaji da amaryarsa, tun da can ne rigima take. Balaraba ta bi Rabi. Ta tsaya a kan kuɗin cefane da ba ya isa, da kuɗin makarantar yara, da sana'ar sayar da abinci da Rabi ta kama, da hidimar aurar da 'yarta Saudatu. Wannan lissafi na kwabo da sisi shi ne, a ganin mai wannan nazari, babbar alamar labarin da mace ke tsakiyarsa. Ko a Budurwar Zuciya (1987), inda namiji mai auri-saki ne ya fi kowa fitowa, ma'aunin da aka ɗora shi a kai shi ne ɓarnar da ya bari a rayuwar matansa.

A ƙungiyar Raina Kama ta Kano, Balaraba ta zauna tare da maza irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. Littafin Ado, In Da So Da Ƙauna (1991), ya isa hujja a kan masu cewa namiji ba zai iya ba. Sumayya ce ta ga Muhammad ta nuna tana so, ita ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata, ita ta faɗa rijiya. Sai dai idan aka jera littafin da na Balaraba za a ga bambanci. Duniyar Sumayya ta zance ce da wasiƙa da ƙofar gida, wato iyakar inda saurayi ke iya gani. Duniyar Rabi kuwa tana farawa ne daga inda aka rubuta "ba shiga".

Muhawarar da ta biyo baya ba ta taimaka wajen fito da wannan bambanci ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare su a shafukan New Nigerian Weekly a ƙarshen shekarun 1990, aka yi ta kai-kawo a kan inganci da tarbiyya da tasirin finafinan Indiya. A 2007 har an ƙona wasu littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A duk tsawon wannan lokaci an fi tambayar abin da littattafan ke yi wa mata masu karatu, aka bar tambayar abin da suke faɗa game da su.

4.0 Darasi daga Borno

Hausa ta daɗe da zama harshen cuɗanya a unguwannin Maiduguri irin su Mafoni da Hausari, inda Barebari da Shuwa da Babur da Hausawa ke zaune tare, saboda haka mai karanta labarin Rabi ba lalle ta zama Bahaushiya ba. Daga wannan gari ne kuma aka sami misalin da ya fi kusa da na Balaraba, ko da yake da Turanci aka rubuta shi. Zaynab Alkali, wadda aka haifa a kudancin Borno a 1950, ta kuma daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn a 1984, ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985. Tauraruwarsa Li ta yi shekaru tana jiran mijin da ya tafi birni ya manta da ita, daga baya ta koma karatu ta riƙe gidan mahaifinta.

Abin da ya haɗa littattafan biyu ya wuce jigo. A ƙarshe Li ta yanke shawarar komawa ga mijinta bayan ya nakasa, Rabi kuma dangi suka matsa mata ta karɓi Alhaji Abdu bayan dukiyarsa ta ƙone. Wasu manazarta na kallon irin wannan ƙarshe a matsayin ja da baya. Wannan hukunci ya yi tsauri, domin ya ɗauka cewa labarin mace dole ya ƙare da nasararta. Balaraba ba ta ce komawar Rabi adalci ce ba. Ta nuna yadda aka yi ta, da waɗanda suka matsa, da abin da Rabi ta biya, ta bar mai karatu da ɗacin abin.

5.0 Wa zai rubuta?

Adabin Afirka ya riga ya nuna cewa jinsi ba katanga ba ne. Nuruddin Farah na Somaliya ya gina From a Crooked Rib (1970) a kan Ebla, yarinyar da ta guje wa auren dole, har wasu masu karatu suka zaci mace ce ta rubuta. Akasin haka, Jagua Nana (1961) na Cyprian Ekwensi sunan mace yake ɗauke da shi, amma idon da ke kallon ta na namijin kan titi ne, kuma bambancin yana fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da Efuru (1966) na Flora Nwapa. A kusa da gida, Abubakar Adam Ibrahim ya ɗauki Hajiya Binta, gwauruwa mai shekara 55, ya sa ta a tsakiyar Season of Crimson Blossoms (2015), har da kunyar ɗan fari da ta hana ta kiran sunan ɗanta, littafin kuma ya ci kyautar NLNG a 2016.

Abin da ya ba matan Hausawa rinjaye a wannan fage shi ne tsarin gidan Bahaushe kansa. Yaro yana barin tsakar gida tun yana ƙarami ya koma zaure da dandali, kunya kuma ta rufe masa bakin uwa da na yayye. Abin da ake faɗa wurin wankan jego, ko ranar jere, ko tsakanin kishiyoyi a bakin murhu, ba ya isa kunnensa sai an tace. Namijin da ke son rubuta Rabi sai ya nemi wannan sani da gangan, kamar mai koyon baƙon harshe, kaɗan ne kuma suka ɗauki wannan wahala. Haka nan ba kowace marubuciya ce ta yi amfani da gadon da ta samu ba. Da yawa daga littattafan da mata suka rubuta a shekarun 1990 sun ƙare ne a bayanin kyan amarya da motocin ango, tauraruwar tana zaune ana yanke mata shawara kamar Zainabun Jiki Magayi.

A 2016 Sashen Hausa na BBC ya ƙaddamar da gasar Hikayata, ya keɓe ta ga mata zalla, wato ya koma ga sunan da ke bango a matsayin sharaɗin shiga. Labarin da ya zo na ɗaya a wannan shekara, na Aisha Muhammad Sabitu daga Katsina, bai shafi zance ko kishi ba. Ya shafi rayuwa a sansanin 'yan gudun hijira, irin waɗanda suka kewaye Maiduguri a lokacin.