Lambar da ke damtsen iyayenmu: tarihin agana da garkuwar jiki

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da duk inda neman halal ya kai mu, yau ina so mu tattauna a kan wata cuta da yaranmu ba su taɓa gani ba, wato agana, wadda wasu ke kira 'yar rani. Dalilina shi ne, tarihin wannan cuta shi ne tarihin yadda ɗan Adam ya gano cewa jikinsa yana ɗaukar darasi, kuma ba ya mantuwa.

Duk wanda ya kai shekara sittin a cikinmu, in ya naɗe hannun rigarsa, galibi za ka ga wani tabo mai zagaye a damtsensa. Lamba ke nan. A nan Sabo har yanzu akwai ɗaiɗaikun dattawa masu zanzana a fuska, kuma ina lura yara ba su san abin da ya bar musu ita ba. Agana ce. Mai tsananinta takan kashe kusan mutum 3 cikin 10 da ta kama, wasu kuma ta bar su da makanta. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai ta ci rayuka kusan miliyan 300 a duniya.

Tun zamanin da mutane suka lura da abu guda: wanda ya yi ta ya tashi, ba ta sake kama shi. Irin wannan lura ta daɗe. Marubucin tarihin nan na ƙasar Girka, Tusididis, da yake ba da labarin wata annoba da ta auka wa birnin Atina shekara 430 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce waɗanda suka warke su ne ke jinyar marasa lafiya, domin cutar ba ta komawa kansu ta kashe su. Daga baya babban likitan nan Abubakar Al-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza ya kuma rasu wajen shekarar 925, ya rubuta littafi musamman a kan bambancin agana da ƙyanda, a lokacin da akan haɗa su a ɗauka abu ɗaya ne.

To daga wannan lura sai wasu al'ummu suka yi dabara. Suka ce tunda sau ɗaya take zuwa, me zai hana mu gayyato ta da sauƙi? A ƙasar Sin sukan daka ɓawon ƙurjin su hura wa mutum a hanci. A Indiya da Turkiyya da sassa da dama na Afirka kuwa, sai a ɗan tsaga fata a shafa mugunyar wanda tasa ta zo da sauƙi. Mutum zai yi zazzaɓi da 'yan ƙuraje, ya tashi, shi ke nan ya tsira.

Abin da ya kamata mu riƙe a nan shi ne, wani ɗan Afirka ne ya kai wannan ilimi Amurka. Bawa ne da aka laƙaba wa suna Onesimus, aka ba wani limamin coci na birnin Boston mai suna Cotton Mather a 1706. Onesimus ya nuna masa tabon hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta ɓarke a Boston a 1721, Mather ya roƙi likitocin garin su gwada, mutum ɗaya ne kawai ya amsa, Zabdiel Boylston. Mutanen gari suka yi ca a kansu, har aka jefa bam cikin gidan Mather. Amma da aka zo lissafi, cikin kusan mutum 5,900 da cutar ta kama da kanta, 844 suka mutu. Cikin mutum sama da 240 da Boylston ya yi wa tsaga, shida ne suka mutu. Kun ga bambanci.

Duk da haka dabarar tana da haɗari, domin ainihin aganar ce ake sa wa mutum, kuma yana iya shafa wa wasu. Mafita ta fito ne daga wajen masu tatsar nono. A karkarar Ingila an san cewa mata masu tatsa da suka ɗauki wani ɗan ƙurjin shanu a hannu, agana ba ta cika kama su ba. A ranar 14 ga Mayu 1796, likita Edward Jenner ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya shafa a tsagar da ya yi wa wani yaro ɗan shekara takwas. Bayan 'yan makonni ya gwada yaron da ainihin agana, ba ta kama shi ba. Asalin lamba ke nan.

Abin mamaki, Jenner da kansa bai san dalilin da ya sa abin ya yi aiki ba. Sai da aka kusa shekara ɗari kafin a fara leƙa cikin jiki a ga masu aikin. A 1882 wani Barashe mai suna Ilya Mechnikov, yana zaune a Messina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin ɗan wata halittar teku mai siffar tauraro, wanda jikinsa garau yake ana ganin ciki. Washegari ya ga wasu ƙwayoyi sun yi dafifi sun kewaye ƙayar. Ya gane cewa akwai ƙwayoyin jiki masu cinye duk abin da ya kutso. A 1890 kuma, a Berlin, Emil Behring na Jamus da Shibasaburo Kitasato na Japan suka nuna cewa a ruwan jinin dabbar da ta tsira daga dafin cuta akwai wani abu da ke karya wannan dafin, har ana iya ɗiba a kare wata dabbar da shi. Wannan abu shi ake kira antibodi. Sai a shekarun 1960 aka tantance manyan ƙwayoyi biyu da ke tafiyar da aikin, bayan binciken Jacques Miller a kan ɓeraye a 1961 da na Max Cooper a kan kaji a 1965.

Bari in taƙaita muku abin da aka sani yau. Katangar farko ita ce fata, da majina, da hawaye, da ruwan ciki mai tsami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ƙwayar cuta ta tsallake, sai ta gamu da 'yan sintiri, wato fararen ƙwayoyin jini da ake ƙerawa a ɓargo. Su ba sa tambayar suna, kamawa suke yi su cinye. Kumburi da zafi da jan da kake gani a bakin rauni, aikinsu ne, kuma mugunya yawancinta gawarwakinsu ne. Zazzaɓi ma na cikin dabarun jiki.

In abin ya fi ƙarfin 'yan sintiri, sai wasu daga cikinsu su yagi guntun ƙwayar cutar su kai shi kaluluwa, inda ƙwararru suke zaune. Shi ya sa mai miki a ƙafa kaluluwa ke fito masa a matsematsi. A can akwai ƙwayoyin B da ƙwayoyin T, miliyoyi, kowace da siffa guda da take iya ganewa. Wadda ta dace da wannan baƙon sai ta shiga hayayyafa. Ƙwayoyin B suna zuba antibodi cikin jini, ya manne wa cutar ya hana ta shiga ko'ina, ya kuma yi mata shaida don masu cinyewa. Ƙwayoyin T kuwa, wasu suna ba da umarni, wasu suna kashe duk ƙwayar jikin da cutar ta riga ta shige ta ɓuya.

Matsalar ita ce lokaci. A karon farko wannan shiri yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma cuta irin agana tana iya gamawa da mutum kafin nan. Amma in an ci nasara, wasu ƙwayoyin B da T sukan saura shekara da shekaru riƙe da kamannin abokin gaba. Ranar da ya dawo, cikin 'yan kwanaki an gama da shi, mutum ma bai sani ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Rigakafi shi ne a nuna wa jiki baƙin tsumman tun kafin macijin ya zo. Ƙurjin shanu ɗan uwan agana ne, kamanninsu ɗaya a idon jiki, amma ba shi da kisa.

Kuma kada a ɗauka jiki yana yaƙar kowane baƙo ne. A hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta bila adadin da ke zaune lafiya, suna taimakon narkar da abinci. Mu da muka zauna a ƙasar wasu shekara ɗari da ɗoriya, mun san bambancin baƙon arziki da mai ɓarna.

Yanzu mu dawo gida. Maƙwabtanmu Yarbawa sun danganta agana da abin bautar da suke kira Shoponna, kuma tsoronta ya kai har ba a son ambaton sunan. Wani likita da ya yi aiki a Legas da Epe, Dokta Oguntola Sapara, ya shiga ƙungiyar masu wannan bauta a ɓoye, ya ba da rahoton cewa wasu cikinsu suna yaɗa cutar da ɓawon ƙurji, daga baya gwamnatin Turawa ta haramta bautar. A Arewa kuwa, dattawa kan ba da labarin yadda akan ɓoye yara in an ji masu lamba sun shigo gari. Tsoro ba na ƙabila ɗaya ba ne.

Dabarar da ta karya lagon agana kuwa, a nan Nijeriya aka gwada ta. A watan Disamba 1966 cutar ta ɓulla a yankin Ogoja, wanda yau yake jihar Kuros Riba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya tarar maganin da ke hannunsa ba zai ishi kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda masu cutar suke. Aka yi wa iyalansu da maƙwabtansu lamba, da mutanen kasuwannin da suke ci. Annobar ta tsaya cak, alhali ba a yi wa yawancin jama'a ba. Sirrin yana cikin jiki: agana takan yi wajen kwana 12 kafin ta bayyana, lamba kuwa tana ta da garkuwa da sauri, har in an yi wa mutum cikin kwana uku zuwa huɗu da haɗuwarsa da mai cutar, tana iya hana ta ko ta rage mata ƙarfi.

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa gangamin kawar da cutar, aka kuma bi ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da bindigar allura. Duk da yaƙin basasa, rabon yankin nan da agana tun watan Mayu 1970. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, a watan Oktoba 1977. Tsoron allura ne ya sa ya kauce wa lamba tun farko. Ya warke, ya kuma ƙare rayuwarsa yana aikin rigakafin shan inna har rasuwarsa a 2013. A ranar 8 ga Mayu 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya. Daga nan aka daina lambarta, don haka tabon da ke hannun yaran yau na allurar tarin fuka ne.

To me ya shafe mu a yau? Abin da ya shafe mu shi ne, wannan ilimin na jiki ba a gadonsa. Uwa tana ba jaririnta aron antibodi ta mabiyiya da nono, musamman dakashi, wanda bai kamata a zubar ba. Amma aro ne, cikin watanni yake ƙarewa, shi ya sa ake yin allurar ƙyanda a wata tara. Kowane yaro sai an koya wa jikinsa daga farko. Ƙyanda ma ta fi yadda muke ɗaukarta sharri, domin bincike a 2019 ya nuna tana goge wani ɓangare na abin da jiki ya riga ya haddace game da wasu cututtuka.

Na san zargin da ke zukatan mutanenmu bai faɗo daga sama ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, ko da yake shi magani ne, ba allurar rigakafi ba. Amma mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Kafin Kano ta koma yi a watan Yulin 2004, cutar ta bazu, har ta kai Indonesiya a 2005, yara da yawa suka nakasa. Da aka dage, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali. Sai kuma ga mashaƙo daga ƙarshen 2022, cutar da aka fara samun makarinta tun zamanin Behring, ta kashe yara da dama, mafi yawansu waɗanda ba su cika allurarsu ba.

Mu mutanen zango matafiya ne. Motar shanu ta sauko, motar goro ta hau, iyali su tafi gida Sallah su dawo, mai jego ta tafi wankan gida da jariri a tsakiyar allurarsa. Hanyar da arzikinmu ke bi, ita cuta ke bi. Ƙyanda kuwa sai kusan yara 95 cikin 100 sun sami rigakafi take rasa wurin sauka, kuma hakan ne ke kare jaririn da bai kai wata tara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ga magidanta ita ce, katin allurar yaro ya zama cikin kayan tafiya, kamar yadda ba a mantawa da guzuri. In an fara a Ibadan ana iya ƙarasawa a Katsina, in an tsallake wata ba sai an koma farko ba, a je asibiti a ɗora daga inda aka tsaya. Masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa su riƙa tambaya. Iyayenmu sun miƙa damtsensu aka yi musu lamba, shi ya sa ba mu san zanzana ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya.