Makarantun Bagudo da Hannayen da Suka Riƙe Su

Iyaka ta riga boko zuwa ƙasar Bagudo. A watan Yunin 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ta bar Illo, ta ƙasar Bagudo a yau, a hannun Ingila, Nikki kuma ta faɗa rabon Faransa. Da boko ya iso, sai ya tarar da Dandawa da Busawa da Fulani, dangin juna, a ƙarƙashin tuta biyu: yaron Lolo ko Tsamiya yana haddace Turanci, ɗan baffansa na Madekali ko Segbana yana fama da Faransanci. Makarantar allo kaɗai ce ba ta taɓa sanin da wannan layi ba.

A zamanin Turawa elementare tana hannun En'e ta Gwandu. Hakimai da dagatai ke nemo yara, iyaye da yawa kuwa ɓoye nasu suke yi. Haka aka lallaɓa har 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a watan Satumba. Azuzuwa suka tashi a ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba, aka yaye malamai cikin gaggawa. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashin malaman firamare ya riƙa makalewa wata da watanni a jihohi da dama.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin, a 1993 aka sake dawo da ita. Sauyi uku cikin shekara biyar, malamin bakin iyaka yana jiran ya ji wa zai biya shi! A tsakiyar wannan ne aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, takardun da ake kaiwa Sakkwato suka koma Birnin Kebbi. Hukumar ilimin makiyaya ta 1989 ma ta shafi yankin, musamman rugagen wajen Ka'oje.

Tsarin yau ya samo tushe ne daga shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumban 1999, dokarsa ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke gini da gyara daga Birnin Kebbi, sakataren ilimi na Bagudo ke kula da malamai da rajista. Amma a garuruwan bakin Kwara, idan kogi ya kawo a ƙarshen damina, shinkafa kuma tana neman hannu a fadama, hedimasta kan kira sunaye da safe ya ji rabin benci shiru. Waɗansu suna gona. Waɗansu suna tsallake, littafi a cikin leda, suna jiran kwalekwale.