Wa ya gaya wa wayarka abin da ke cikinta? Zare kan tarihin bishiyar na'urori

1/ Makon jiya ina aikin furojet da Raspberry Pi, na rubuta cat /proc/device-tree/model. Nan take ta kawo min cikakken sunanta da samfurinta. Sai na ce to wai a ina Linux ta san wannan? Na bi sawu, ashe labarin ya haura shekara 30. Ku zo mu bi shi tare 🧵

2/ Farko ku riƙe wannan. Idan ka soka filashi a ramin USB, shi da kansa yake gabatar da kansa. Kayan PCI ma haka. Amma ƙananan kayan da aka manna a jikin fanel, irin mai auna zafi, mai kula da caji, mai jin taɓin sikirin, duk bebaye ne. Dole wani ya faɗa wa babbar manhaja adireshinsu da layin da za su riƙa ƙwanƙwasa mata.

3/ Wannan aikin manhajar tushe ne, wato 'yar manhajar da ke fara farkawa idan ka kunna na'ura, tun kafin Linux ko Windows su tashi. Rigimar tarihin duka a kan abu ɗaya ce: da wane salo za ta miƙa bayanin, kuma kai mai na'urar za ka iya gani?

4/ A ƙarshen shekarun 1980, a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, wani injiniya Mitch Bradley ya gina OpenBoot da yaren Forth. Dabararsa ita ce a jera kayan kamar bishiya: jijiya, rassa, ƙananan rassa. Kowane reshe na ɗauke da sunansa, adireshinsa, da irin direban da ya dace da shi.

5/ A 1994 aka mai da shi ƙa'idar IEEE 1275, da sunan Open Firmware. Apple ta ɗauka a Power Mac daga 1995, IBM ma ta yi amfani da shi. Masu ɗora Linux a kan PowerPC suka yi abu mai sauƙi: suka baje bishiyar a /proc/device-tree. Kowane reshe folda, kowace sifa fayil. Ba sai ka roƙi kowa ba, ka buɗe ka karanta.

6/ Har Najeriya abin ya taɓo fa. Korayen kwamfutocin XO na shirin One Laptop per Child, waɗanda aka gwada a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007, da Open Firmware suke tashi. Kuma Bradley ɗin dai ne ya yi musu aikin.

7/ Su kuwa kwamfutocin PC wata hanya suka bi. A 1996 Intel, Microsoft da Toshiba suka fitar da ACPI, jerin tebura da har umarni ke ciki wanda babbar manhaja za ta gudanar. Yana cikin dalilan da filashin Windows ɗaya ke shiga HP ya shiga Dell. A Linux teburan suna /sys/firmware/acpi/tables.

8/ To ƙananan na'urorin PowerPC da ba su da Open Firmware fa? Wajajen 2005, Benjamin Herrenschmidt da David Gibson suka kawo mafita: rubuta bishiyar da hannu, manhajar dtc ta dunƙule ta ta zama fayil ɗaya, a miƙa wa Linux lokacin tashi. An raba bishiyar da uwar da ta haife ta ke nan.

9/ A ɓangaren ARM, irin cif ɗin da ke wayoyinmu, abin ya cakuɗe. Kowane fanel sai an rubuta masa nasa fayil da yaren C a cikin Linux kanta. Kamfanoni suna ta zubawa, kowa na maimaita aikin kowa. A Maris 2011 Linus Torvalds ya fusata a fili kan wannan tarkace. Daga nan aikin da su Grant Likely suka daɗe suna turawa ya samu shiga, ARM ta koma bishiya.

10/ A 2014, da fitowar Linux 3.15, aka mayar da bishiyar /sys/firmware/devicetree/base. Amma ba a goge tsohon adireshin ba, an bar shi yana nuna sabon, saboda manhajoji da yawa sun saba da shi. Shi ya sa umarnin da na rubuta a sama yake aiki har yau.

11/ Mai son gwadawa: fayilolin model da compatible rubutu ne, za su karantu. Na lambobi kamar reg za su fito kamar shirme, don ɗanyun lambobi ne. Rubuta dtc -I fs -O dts /proc/device-tree, za ta warware maka duka. A wayar Android kuwa sau da yawa za a hana ka shiga sai ka yi rutin.

12/ Me ya shafe mu? Yawancinmu tsohuwar waya muke riƙewa, kamfani ya daina turo mata sabuntawa alhali lafiyarta ƙalau. Masu sa-kai irin na postmarketOS, da aka fara a 2017, idan za su farfaɗo da irin wannan waya, bishiyar suke fara dubawa don su san me ke ciki.

13/ Sai dai ita ma tana da iyaka. Suna da adireshi take bayarwa, direban kuwa sai wani ya rubuta, kuma idan kamfani ya ɓoye bayanan cif ɗinsa an tsaya ke nan. Sannan mutum ne ya rubuta ta. In ya yi kuskuren lamba ɗaya, Linux za ta yarda da shi, kyamara ta mutu alhali babu abin da ya ƙone.

14/ Duk mai Raspberry Pi ko wata na'urar ARM mai Linux, ya gwada umarnin farko ya ajiye mana abin da ta ce a ƙasa. Ina son ganin wa ke da mafi tsufa.