BABI NA UKU: ASALIN DUNIYA DA MAFARIN SHARRI A HIKAYAR GUNUSAWA DA TA MAGUZAWA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai dubi yadda al'ummu biyu, waɗanda zamani da nisan ƙasa suka raba, suka amsa tambaya ɗaya: idan Mahalicci nagari ne, daga ina cuta da fari da hauka da mutuwa suka fito? Al'umma ta farko ita ce Gunusawa, waɗanda suka yi tashe a Masar da Sham da Rum a ƙarni na 2 da na 3 Miladiyya. Ta biyu kuwa Hausawa ne masu addinin gargajiya, wato Maguzawa da 'yan bori. Dalilin wannan kwatance shi ne sunan Maguzawa kansa, wanda kan sa a zaci aƙidarsu ɗaya ce da ta masu cewa iyayen giji biyu ne, na alheri da na sharri. Za a auna wannan zato da abin da aka rubuta, sannan a gwada shi da yanayin rayuwa a fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗejiya.

3.1 Gunusawa da Littattafansu

Kalmar Gunusiyya ta samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar sani. Abin da ake nufi shi ne wani sani na ɓoye, wanda a ganinsu shi kaɗai ke kuɓutar da rai. Ba ƙungiya ɗaya ba ce. Akwai mabiyan Basilidis na Iskandariyya, da mabiyan Balantinus wanda ya koyar a Rum a tsakiyar ƙarni na 2, da wasu da dama. Shekaru aru-aru ba a san su ba sai ta bakin abokan gabarsu, musamman Ireniyus, limamin Kirista na birnin Liyon a Faransa ta yau, wanda ya rubuta raddi a kansu wajajen shekarar 180. Kowa ya san labarin mutum a bakin maƙiyinsa ba ya cika. Sai a watan Disamba na 1945 wasu manoma suka tono wani tulu kusa da Nag Hammadi a kudancin Masar, a cikinsa akwai kundaye 13 da harshen Ƙibɗawa, masu ɗauke da rubuce-rubuce fiye da 50. Daga nan ne aka ji Gunusawa da bakinsu.

3.2 Hikayar Sofiya da Ɗanta

Littafin da ya fi fayyace hikayar shi ne wanda ake kira Asirin Yohanna. An sami kwafinsa uku a Nag Hammadi, na huɗu kuma yana cikin wani kundi da aka saya a Alƙahira a 1896 aka kai Balin. Da yake Ireniyus ya kawo labari mai kama da farkonsa, masana sun yarda cewa tushen hikayar ya girmi shekarar 180.

A cikin littafin, tun fil'azal akwai Ruhi Ɓoyayye wanda ba ya siffantuwa. Daga gare shi wasu halittun haske suka ɓuɓɓugo bibbiyu, namiji da mace, suka zama duniyar da suke kira Cika. Autarsu ita ce Sofiya, wato Hikima. Ita ce ta yi sha'awar ta fitar da wani abu daga kanta ba da yardar Ruhin ba, ba kuma tare da abokin zamanta ba. Abin da ta haifa sai ya zo mummuna, jikin maciji da fuskar zaki. Da ta gan shi sai ta jefa shi waje da Cika, ta lulluɓe shi da gajimare don kada sauran su gani, ta sa masa suna Yaldabawus.

Shi wannan ɗa ya tashi bai san akwai kowa a bisansa ba. Da ƙarfin da ya ɗebo daga uwarsa ya halitta sarakunan sammai da mala'ikunsa, ya kuma yi shelar cewa babu wani abin bauta sai shi. A doguwar ruwayar littafin an ce mala'iku 365 ne suka haɗa jikin Adamu gaɓa-gaɓa, amma ya kasa motsi. Sai aka yi wa Yaldabawus dabara daga sama, aka ce ya hura masa numfashi. Da ya hura, hasken uwarsa ya fita daga gare shi ya shiga mutum. Ganin mutum ya fi su basira, sai sarakunan suka yi hassada, suka kulle shi a jikin ƙasa da ruwa da wuta da iska, suka ɗora masa mantuwa da sarƙar ƙaddara.

Abin lura a nan shi ne, a wannan aƙida duniyar nan da ake taɓawa, tun daga taurari har naman jiki, aikin jahili ce, kuskure ce tun daga tushe. Wanda Attaura ta kira Mahalicci shi suka mayar azzalumi, cin 'ya'yan itaciyar da aka hana kuma suka mayar da shi farkon farkawa. Ba abin mamaki ba ne da malaman Kirista suka yi musu ca.

Wani reshe na irin wannan tunani ya daɗe fiye da sauran. Mani, wanda aka haifa a Iraƙi a 216, ya koyar da cewa haske da duhu duka daɗaɗɗu ne, duniya kuma cakuɗuwarsu ce. Halifa Mahadi na Abbasiyawa (775-785) ya farauci mabiyansa da sunan zindiƙai. Ibn Nadim ya yi bayaninsu a Fihrist wajajen 987, Shahrastani (ya rasu 1153) kuma ya ware musu wuri a Al-Milal wan-Nihal tare da Majusawa, a cikin masu aƙidar tushe biyu.

3.3 Matsalar Sunan Maguzawa

Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne kalmar Bamaguje daga Majusu ta fito, wato mabiya addinin Zaradashtu na Farisa, waɗanda aka ambata a aya ta 17 ta Suratul Hajji. Majusawa suna da Yazdan mai alheri da Ahriman mai sharri. To, me ya haɗa manomin dawa na ƙasar Kano ko Katsina da su?

Amsar tana cikin fiƙihu. Ya tabbata a hadisi cewa Halifa Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar. Ke nan Majusu ya zama rukunin mutanen da ba Ahlul Kitabi ba ne, amma ya halatta a zauna da su a karɓi jiziyarsu. Last (1993), wanda ya zauna da Maguzawa a yankin Malumfashi, ya nuna cewa sunan matsayi ne da Musulmi suka ba maƙwabtansu na karkara don zama ya yiwu. Suna ne na shari'a da haraji, bai bayyana abin da ke zukatan masu shi ba.

Abin da ke zukatan nasu kuwa Greenberg (1946) ya rubuta shi bayan bincikensa a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Maguzawan da ya tarar sun yarda Allah ɗaya ne, shi ya halicci komai, amma ya yi nisa, ba a yi masa yanka ko tsafi. Da iskoki ake hulɗa. Akwai farare akwai baƙaƙe, akwai na gida akwai na daji, amma babu wani iska da aka ce shi ya yi ƙasa ko ya ƙera jikin mutum. Ko Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, da ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, ya ambaci yankan baƙaƙen dabbobi da ba da labarin abin da zai auku a shekara, bai ce Tsumburbura ce ta halicci duniya ba.

3.4 'Ya'yan da Hauwa'u ta Ɓoye

Inda kamanni ya fi ɗaukar hankali shi ne hikayar asalin iskoki. Masquelier (2001) ta kawo ta daga Arawan Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar. An ce Adamu da Hauwa'u sun haifi tagwaye sau 50. Allah ya ce a kawo su ya gani. Hauwa'u ta ji tsoron kada ya riƙe kyawawan, sai aka ɓoye wanda ya fi kyau daga kowace haihuwa a cikin kogo. Allah da ba a ɓoye masa komai ya hukunta cewa waɗanda aka ɓoye za su tabbata a ɓoye har abada. Su ne iskoki.

A duka hikayoyin biyu, uwa ce ta ɓoye haihuwarta ga Maɗaukaki, daga wannan ɓoyo kuma wahala ta shigo. Amma kama da wane ba ta wane. Sofiya mummunan ɗa ta ɓoye don kunya, Hauwa'u kuwa kyawawa ta ɓoye don so da rowa. Ɗan Sofiya ya zama mahaliccin duniya, 'ya'yan Hauwa'u kuwa sun tarar da duniya a gine, su ma bayi ne a cikinta. Mafi muhimmanci, iskoki a nan 'yan'uwan mutane ne na jini, waɗanda aka tauye wa haƙƙi ba da laifinsu ba. Cutar da suke sa wa mutum ta fi kama da fushin ɗan'uwan da aka manta da shi a rabon gado. Shi ya sa maganinta a bori shi ne sulhu: a gano wane iska ne, a yi girka, a ba shi dabbar da yake so da tufafinsa da kiɗansa. Wanda ya sa ciwon shi ne kuma mai warkar da shi. Bagunushe ba zai taɓa neman sulhu da sarakunan Yaldabawus ba, burinsa ya san kalmomin da zai wuce ƙofofinsu da su ya tsere.

Tsarin birnin iskoki ma shaida ne. Besmer (1983) ya bayyana Jangare da gidaje 12 a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu, inda ake samun Ɗan Galadima da Malam Alhaji da Kuturu da Inna da sauransu, da aure da riƙo da sarauta. Wannan hoton masarautar Hausa ne sak. Mutanen da ke ƙin duniya ba za su zana lahirar iskokinsu da siffar garinsu ba.

Ba daidai ba ne a ce hikayar daga Gunusawa ta gangaro. Ana samun irinta a wurin masu zar na Habasha, inda 'ya'yan 30 ne aka ɓoye 15, har ma a tsibirin Aisland na arewacin Turai, inda aka ce waɗanda ba ta yi wa wanka ba ta ɓoye. Sunayen Adamu da Hauwa'u sun nuna cewa ta ɗauki wannan siffa ne bayan cuɗanya da Musulunci. Duk da haka ta saɓa wa Alƙur'ani, domin Suratul Hijri ta bayyana cewa an halicci aljannu daga wuta tun kafin mutum. Irin wannan gauraye ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a Nurul Albab, inda ya yi magana a kan masu haɗa ayyukan Musulunci da yanka ga itatuwa da duwatsu.

Idan ana neman ƙyamar duniya a adabin Hausa, a waƙoƙin wa'azi na bayan jihadin 1804 za a same ta, inda ake siffanta duniya da mayaudariyar mace. Ko a nan ma, son duniya ake zargi da gushewarta. Mahaliccinta yabo ake buɗe waƙar da shi.

3.5 Gwaji a Fadamar Baturiya

Baturiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, a cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma an sa ta a jerin dausayoyin Ramsar a 2008. Yankin tsohon mazauni ne. Garun Gabas, wadda ake ɗauka ita ce Biram ta Hausa Bakwai, tana cikin ƙananan masarautu irin su Auyo da Haɗejiya waɗanda ke ƙarƙashin Galadiman Barno kafin Sarki Sambo (1808-1845) ya haɗe su. Musulunci ya daɗe da kafuwa a nan, don haka abin da ya rage na tsohuwar aƙida a al'adun sana'a ake tsintarsa, kamar sarautar Sarkin Ruwa da imanin masunta da 'yan ruwa, wanda ya game ƙasar Hausa.

Rayuwar Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa na wannan yanki a kan ambaliya ta dogara. Ruwan da ke malala a watannin Agusta da Satumba shi ke ba da shinkafa da kifi, in ya janye a yi noman rani, shanu su sami ciyawa. Shi ne kuma ke kawo sauro da tsargiya, yana cin gida, wani lokaci ya ci rai. Mai zama a irin wannan wuri ba zai iya raba ruwa gida biyu ya ce wannan na haske ne wancan na duhu ba. Sharri a wurinsa abu ne da ya wuce kima ko ya gaza. Sarkin Rafi na bori, wanda sunansa ke nuni ga ƙasa mai dausayi, a matsayin mahaukaci mai ƙarfi ake nuna shi, kuma ba a taɓa cire shi daga cikin dangin Jangare ba.

Tarihin kogin na baya-bayan nan ya gwada wannan fahimta. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke sauka. Faɗin ambaliya ya ragu a shekarun fari, sannan sakin ruwa a rani ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, har wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. A 2020 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Haɗejiya. Bayanin da ya fito fili a waɗannan shekaru iri biyu ne: ana cewa jarrabawa ce daga Allah, a yi addu'a, ana kuma kira ga hukuma da ta yashe kogin, ta cire kacala, ta daidaita sakin ruwan madatsun, yayin da jama'ar gari ke cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga.